Yadda za ka aika fim ɗinka bikin finafinai na duniya daga nan Maraɗi

Tun ranar da wani abokina ya sa hotona a Facebook, ina tsaye a ƙofar wani gidan sinima a arewacin Afirka da kati rataye a wuyana, shagona na unguwar Zariya bai rabu da samari ba. Wani ya zo da kile, wato USB, a aljihu, wani fim ɗin yana cikin salularsa, wata ɗaliba daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta zo da kwamfutarta gaba ɗaya. Tambayar dai ɗaya ce: "Yaya, ta ina ake bi?" Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin shago, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna, da ita nake ci da iyalina. A gefe na yi gajerun finafinai biyu. Na farko bai je ko'ina ba, zan faɗi dalili. Na biyu mai minti 13 ne, a kan gwaggona da ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Tibiri. Na aika shi wuri 19, biyu suka karɓa, ɗaya daga cikinsu ya biya mini kuɗin jirgi. Ban ciyo kyauta ba, amma na bi hanyar da ƙafata tun daga farko har ƙarshe. Abin da na gano shi ne labari bai taɓa zama matsalarmu ba, muna da shi har ya yi yawa. Inda finafinanmu ke faɗuwa shi ne sauti, da fassara, da takarda, da gaggawa.

Ka fara sanin inda za ka

Manyan bukukuwan da kowa ke ji uku ne, duk a Turai, kuma duk shekara ake yin su. Na birnin Benis a Italiya shi ne mafi tsufa, tun 1932, ana yin sa ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, babbar kyautarsa zakin zinariya. Na Cannes a kudancin Faransa ya fara a 1946, a watan Mayu ake yi, kyautarsa reshen dabino na zinariya, wato Palme d'or. Na Barlin a Jamus ya fara a 1951, a watan Fabrairu. Ƴan Afirka sun sha taka rawa a can. A Cannes, Mohammed Lakhdar-Hamina na Aljeriya ya ɗauki reshen dabinon a 1975, Souleymane Cissé na Mali ya samu kyautar alƙalai a 1987, Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso ya samu kyautar Grand Prix a 1990, Mahamat-Saleh Haroun na maƙwabciyarmu Cadi ya samu ta alƙalai a 2010. Mati Diop, mai tushe a Senegal, ita ta ɗauki babbar kyautar Barlin a 2024.

Ina faɗin wannan ne don ka san ƙofar ba a kulle take ba. Amma ka san ƙuncinta: a gasar gajerun finafinai ta Cannes dubbai ake aikawa kowace shekara, wajen goma ake zaɓa. Idan gajeren fim gare ka, a Turai wurin da ya fi dacewa ka sa wa ido shi ne Clermont-Ferrand, shi ma a Faransa, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, wanda gajerun finafinai kaɗai yake nunawa kuma yakan ware wani sashe na Afirka.

Ni shawarata ka fara da nahiyarmu. Bikin Kartaj da ake yi a birnin Tunis ya fara a 1966, Tahar Cheriaa ne ya kafa shi, kuma Ousmane Sembène na Senegal ne ya fara cin kyautarsa ta Tanit ta zinariya. Da can duk shekara biyu ake yi, daga baya ya koma shekara-shekara, kuma finafinan Afirka da na Larabawa yake sa wa gaba. Akwai na Durban a Afirka ta Kudu tun 1979, akwai na Luksor a Masar, da Écrans Noirs a Yawunde, da na Zanzibar, da AFRIFF a Legas, da Zuma a Abuja. Ga kuma KILAF nan kusa da mu a Kano, na finafinan da aka yi da harsunan Afirka, wanda daga nan ka bi Ɗan Isa da Jibiya da Katsina ka isa.

Sai FESPACO na Wagadugu. Shi duk shekara biyu ake yi, a shekarun da ba su rabuwa biyu, amma ɗan Nijar ba zai yi maganar bikin fim ya tsallake shi ba. An fara shi a 1969. Da aka ƙirƙiro babbar kyautarsa a 1972, Ingarman Yennenga, wanda ya fara ɗaukarta namu ne, marigayi Umaru Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Mutum ne da ya yi soja a yaƙin Indocin, ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, kafin ya riƙe kamera. Tun 1969 ma an nuna wani fim ɗinsa a Cannes. Har yau FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga wanda ya yi fice a dogon fim ɗinsa na farko, gajeren fim kuma kyautarsa ɗan dukushi ne na zinariya. A zamaninmu ga Sani Magori, wanda ya ɗauki noman albasar garinsu Galmi ya kai duniya, ga Aïcha Macky ta Damagaram, wadda fim ɗinta kan rashin haihuwa ya ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA a 2016, wanda ta yi kan matasan garinsu kuma aka nuna shi a bikin Visions du Réel na Siwizalan a 2021. Cikin finafinan nan Hausa ake yi, irin tamu. Albasa da ƙaddarar mace da zaman matasa a fada, abin da ke ƙofar gidansu suka ɗauka. Kai ma ka duba ƙofar gidanku kafin ka je aron bene da mota.

Kada ka sake shi

Wannan shi ne kuskuren da ya kashe mini fim na farko, kuma shi nake ganin yana kashe na yara da yawa. Na gama montaj ranar Alhamis, murna ta ɗebe ni. Kafin Asabar na sa shi a YouTube, na kuma ba masu tura fim na babbar kasuwa kyauta don ya zaga gari. Ya zaga kuwa, har kabu-kabu ya taɓa tsayar da ni yana yaba mini. Bayan wata uku da na zauna cike takardar wani biki, sai na tarar da tambaya: an taɓa nuna fim ɗin a wani wuri, ko yana intanet? Nan jikina ya yi sanyi.

Manyan bukukuwa suna son su zama su ne farkon nunawa. Wasu na neman farko a duniya baki ɗaya, wasu farko a wajen ƙasar da aka yi fim ɗin, wasu farko a nahiyarsu ko ƙasarsu. Cannes ba ta karɓar fim ɗin da ya riga ya hau intanet, kuma tana son wanda aka gama cikin wata 12 kafin bikin. Ƙananan bukukuwa da yawa ba su da wannan tsanani, amma tun da ba ka san wanda zai kira ka ba, ka riƙe abinka. Ka fara aikawa masu tsananin sharaɗi, sa'an nan ka sauko.

Riƙewar tana da wuya, na sani. Waɗanda suka fito a ciki za su dame ka, "Yaya, a ɗan tura mana mu gani." Ka kira su shago su kalla a kwamfutarka, su tafi hannu wofi. Da zarar ya shiga WhatsApp ɗin mutum ɗaya, ya fita hannunka. Talla ta minti ɗaya ba laifi, ita za ka iya watsawa.

Sauti

Masu tantancewa suna kallon finafinai ɗaruruwa. Hoto mai ɗan rauni suna iya haƙuri da shi in labarin ya kama su. Sautin da ke sa mutum ya matse fuska kuwa, minti biyu sun isa su wuce na gaba.

Ranar farko da na je Tibiri ɗaukar Gwaggo, da hantsi na isa. Ta zauna a kan kujera ƴar tsugune, turmi a gabanta, tana murza tunkuza tana yayyafa ruwan zafi, mai yana tsattsafowa yana taruwa a gefe. Tana yi tana ba ni labarin yadda uwar mijinta ta koya mata aikin tana amarya, har idonta ya kawo ruwa. Na dawo Maraɗi ina jin na samu abin da nake nema. Da na sa abin ji a kunne da daddare, abin da ke ciki injin markaɗe ne na bayan katanga, yana ta ruri, muryar Gwaggo can ƙasa kamar daga rijiya. A wurin kunnena bai ji shi ba, don kunne ya saba, yana tace abin da ba ya so. Mikro ba ya tacewa.

Na koma na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, sai mun sake." Ta ce, "To ɗan nan, ka zo bayan sallar asuba, kafin mai injin ya tashi." Haka muka yi kwana uku. Labarin uwar mijin ta sake ba ni shi, amma hawayen nan bai dawo ba, kuma ban nemi ta ƙirƙiro shi ba.

Saboda haka kada ka dogara da mikron da ke jikin kamera. Ka nemi ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga, ko dogo a kan sanda wani ya riƙe shi sama da kan mai magana, kusa iyakar yadda ba zai shiga hoto ba. In ba ka da ko ɗaya, salula ta biyu a ɓoye kusa da mai magana ta fi babu, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kamera a farkon kowace ɗauka don ka samu inda za ka haɗa sauti da hoto. Abin ji ya kasance a kunnenka duk lokacin ɗauka. Lokacin hunturu ka rufe mikro da abin tare iska mai gashi, in ba haka ba buji zai cinye maganar. Ka kashe fanka, ka nisanci janareta, ka san lokutan kiran salla na unguwar ka tsara aikinka a tsakaninsu. Kafin ka tashi daga kowane wuri, ka ce kowa ya yi shiru, ka ɗauki minti ɗaya na shirun wurin, da kukan kajinsa da komai. Wajen montaj da shi za ka cike giɓi. Ka sa na'urarka a kan 48 kHz, shi ne ma'aunin fim.

Kiɗa da izini

A fim na farko na ɗora wani kiɗan Indiya da nake so, ban ma san akwai magana a ciki ba. Kowace takardar biki tana sa ka sa hannu cewa duk abin da ke cikin fim ɗin naka ne ko kana da izininsa. Waƙar wani, ko ta Kano ce ko ta Bombay, in ba ka da takarda, ka cire. A na biyu wani mai gurmi na samu, na biya shi, ya yi mini kiɗa sabo na minti huɗu, muka rubuta yarjejeniya a takarda ɗaya da Hausa da Faransanci, ya dangwala hannu gaban shaidu biyu. Ka kula da rediyon da ke kunne a bayan fage, waƙar da ke fita daga cikinta ma ana lissafa ta. Kuma yana da kyau ka yi rajistar aikinka a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa.

Mutanen da ka ɗauka su ma da haƙƙinsu, wannan kuma ya wuce maganar takarda. Kafin in kunna kamera sai da na zauna a zaure da mijin Gwaggo na ce, "Baba, abin nan in Allah ya sa an karɓa, maza da mata na wata ƙasa za su gan ta a allo." Ya yi shiru, ya ce in dai da lulluɓinta kuma ba a shiga ɗaki ba, ya yarda. Ita ma na tambaye ta daban, ba a gabansa ba. Akwai wata magana da ta yi kan kishiyarta da ta yi daɗi ƙwarai a fim, daga baya ta ce in cire, na cire. Kai za ka hau jirgi ka dawo, ita ce za ta ci gaba da zama a gidan.

Ka rage tsawo

Montaj ɗina na farko minti 31 ne. Na nuna wa mutum uku da ba su san Gwaggo ba, na zauna a bayansu ina kallon lokacin da hannunsu ke tafiya wajen salula. Duk inda suka taɓa salula na yi alama. Haka ya dawo 13. Cannes ba ta karɓar gajeren fim da ya wuce minti 15, har da sunayen ƙarshe a ciki, Barlin kuma minti 30. Ko inda aka yarda da mai tsawo, gajere ya fi samun wuri, don mai tsara shiri yana da awa ɗaya da rabi ne ya cusa fim biyar ko shida. Al'adarmu ta dogon gaishe-gaishe da tafiyar mota daga gida zuwa gida, da jerin godiya ga Alhaji wane da Hajiya wance na minti uku, duk ka taƙaita.

Fassarar ƙasan allo

Nan ne na fi daɗewa, kuma nan ne nake roƙon ka daɗe. Alƙalin da ke Tunis ko Durban ba ya jin Hausa. Abin da ya karanta a ƙasan allo, shi ne fim ɗinka a wurinsa. Kana bukatar Faransanci da Ingilishi duka biyu, don bukukuwa da yawa Ingilishi suke nema ko da a ƙasar Faransanci suke.

Na fara da na'urar fassara ta intanet. Gwaggo ta ce, "Zomo ba ya kamuwa daga zaune," na'ura ta kawo maganar farautar zomo, alhali mace ce zaune gaban turmi tana nufin sai an tashi an nema. Ta ce wa maƙwabciyarta "ina gajiya," aka fassara kamar tana neman inda gajiya take. Sai na ɗauki aikin na kai wa tsohon malaminmu na Faransanci a lise, wanda ya yi ritaya. Muka yi yamma shida a ƙofar gidansa, yana sa tabarau yana cirewa. Kan karin maganar nan ta zomo kaɗai mun fi rabin awa. Ni ina son a ba da ma'ana kawai, shi ya ce, "A'a ɗana, ka bar zomon, Bature ma ya san zomo da gudu. Gyara jimlar za mu yi yadda zai gane da kansa." Shi ya yi gaskiya, don a zauren da aka nuna fim ɗin na ji mutane sun yi ƴar dariyar ganewa daidai wurin. Kalmar ƙuli-ƙuli kuwa mun bar ta yadda take, tun da ido na ganin abin a cikin kasko. Tunkuza ma haka. Na Ingilishi wata malama ce ta yi, na sake ba wani da ya yi karatu a Katsina ya duba.

Ƙa'idar rubutun ba ta da yawa. Layi biyu iyaka a lokaci ɗaya, kowane layi kada ya wuce harafi 40 ko kusa da haka, kuma ya tsaya yadda mutum zai karanta bai yi haki ba. Ba kowace kalma ake fassarawa ba, gaisuwa mai hawa biyar layi ɗaya ya ishe ta. Akwai manhaja kyauta mai suna Subtitle Edit da ke fitar da fassarar a ƙaramin fayil na SRT. Ka ajiye fim ɗinka na asali tsaf ba rubutu a jikinsa, fassarar tana gefe, don wani bikin zai so ya ɗora Larabci ko Jamusanci da kansa.

Takardu da aikawa

Ka tanadi waɗannan a jaka ɗaya cikin kwamfuta, da harsunan biyu: taƙaitaccen labarin fim a layi uku, da wani mai ɗan tsawo, tarihinka a layi biyar, ƴan kalmomi kan dalilin da ya sa ka yi fim ɗin, hotonka, hotuna uku ko huɗu masu kyau daga cikin fim, da jerin waɗanda suka yi aiki. Sunanka ka rubuta shi daidai yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Mu nan mutum ɗaya yakan zama Mahamadou a wata takarda, Mamane a wata, Muhammadu a Facebook, kuma da sunan da ka ba su za a yanki tikiti.

Yawancin bukukuwa ta shafukan intanet suke karɓa. FilmFreeway ya fi yawa, akwai Festhome, akwai Shortfilmdepot wanda Clermont-Ferrand ke aiki da shi, manya irin Cannes da Barlin kuma a shafinsu na kansu ake cikewa. Ka fitar da kwafin kallo na MP4, faɗin 1920 da 1080, da fassarar Ingilishi a jiki, ka ɗora a shafin ko a Vimeo ka kulle da kalmar sirri. Ni da ƙarfe biyu na dare nake ɗorawa, lokacin da layi ya fi sauƙi, kwamfuta da salula cike da caji saboda kuran na iya ɗaukewa ana tsakiya. In ya gama hawa, ka kalle shi daga farko har ƙarshe a can inda ka ɗora.

Maganar kuɗi. Wasu bukukuwan kyauta ne, musamman a Afirka. Wasu na karɓar dala 20 zuwa 50, dalar Amurka nake nufi, abin da zai kama jikka goma sha wani abu zuwa talatin. Da katin banki na Visa ake biya, irin wanda ake zuba wa kuɗi kafin a yi aiki da shi ya isa. Wanda ya aika da wuri yakan biya ƙasa da na makara. Kada kunya ta hana ka rubuta musu gajeriyar wasiƙa ka ce daga Nijar kake, da kuɗin aljihunka ka yi fim ɗin, kana roƙon a yafe maka kuɗin shiga. Na rubuta bakwai, uku suka yafe.

Ka yi hattara da bukukuwan bogi, suna da yawa. Alamarsu: kowane wata suna raba kyauta, kyaututtukan sun fi hamsin, su ne ke fara aiko maka saƙon yabo tun ba su ga fim ɗin ba, sa'an nan su ce ka biya kuɗin kofi. Ka nemi hotunan bikin bara. In ba ka ga zaure da mutane zaune suna kallo ba, ka riƙe kuɗinka.

Ka sayi kaye ɗaya, ka rubuta sunan kowane biki, ranar rufe karɓa, ranar ba da amsa, da sharaɗinsa. Galibi ana rufewa wata uku zuwa biyar kafin bikin, wanda bai rubuta ba sai dai ya ji an wuce. Daga nan sai haƙuri. Amsar "ba mu ɗauka ba" za ta fi yawa, ni sau 17 na same ta, kuma ba sa faɗin dalili. Kada ka mayar musu da baƙar magana, su ɗin za ka sake aika wa baɗi.

In aka karɓa

Wasiƙar za ta zo da wa'adi gajere. Za su nemi kwafin nunawa, galibi DCP, wato tsarin da injinan gidajen sinima ke karantawa, wasu kuma su karɓi ProRes, wani tsarin bidiyo mai inganci. Akwai manhaja kyauta, DCP-o-matic, da ke yin sa, amma nan ba mu da zauren da za ka gwada, don haka ka aika da wuri ka roƙi mai injinsu ya gwada ya gaya maka. Ka tambaye su a fili abin da suka ɗauka: jirgi, masauki, abinci, kwana nawa. Ga gajeren fim sau da yawa masauki kawai suke bayarwa.

Fasfo ka neme shi tun ranar da ka fara aikawa, kada ka jira amsa. Haka katin allurar shawara. Biza tana cin lokaci, ta Faransa kuma ta ƙara wuya tun da aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024, saboda haka ka nemi takardar gayyata a ranar da aka karɓe ka. Jirgi daga Yamai yake tashi, tafiyar fiye da kilomita 600 daga nan, ka isa da kwana ɗaya a hannu.

A can za ka tarar fim ɗinka ko dai yana cikin gasa ko yana sashen nuni kawai. Na cikin gasa su alƙalai ke kallo, mutum uku zuwa tara, daraktoci da ƴan wasa da marubuta daga ƙasashe daban-daban, kuma kowace shekara sababbi ake naɗawa. Daban suke da kwamitin da ya zaɓo fim ɗinka. Suna kallo, su shiga ɗaki su yi muhawara, a daren rufewa a faɗi sakamako. Ban da babbar kyauta akwai ta alƙalai, ta darakta, ta ƴan wasa, ta hoto, da wadda ƴan kallo ke zaɓa da ƙuri'a. Kada ka bi alƙali da roƙo ko tsaraba, abin kunya ne a can kuma yana iya jawo maka. Wasu kyaututtukan kofi ne kawai, wasu da kuɗi, Ingarman Yennenga na zinariya miliyan 20 na sefa ne. Shi ya sa tun kafin ka bar gida ku rubuta yadda za a raba in Allah ya kawo, kai da wanda ya sa kuɗi da waɗanda suka yi aiki bashi. Na ga zumuncin da ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

Bayan an nuna fim za a kira ka gaba a yi maka tambayoyi. Ka yi magana da harshen da ka fi sakewa, in akwai tafinta ka yi Hausarka. Ni wata tsohuwa ce ta ɗaga hannu ta tambaye ni nawa Gwaggo ke samu a kwalbar mai ɗaya, kuma ko ta ga fim ɗin. Na ce ta gani a kwamfuta. Ta ce in gaishe ta.

Sauran kwanakin kada ka kwanta a otal. Ka kalli fim uku ko huɗu a rana, musamman gajeru irin naka, ka lura da yadda suke buɗewa da inda suke yankewa. Ka riƙe ƙananan katuna masu sunanka da lambarka. Mutumin da ya gayyaci fim ɗina biki na biyu a layin shan shayi muka haɗu.

Fim yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu yana zagaya bukukuwa. In ya gama, ka ajiye asalinsa a faifai biyu, ɗaya a gidanka ɗaya a wani gida, saboda zafi da ƙurar garin nan ba sa barin na'ura. Sa'an nan ka sake shi a YouTube, ka kai wa gidajen talabijin, ka ba masu turawa. Nawa kafin in sake shi sai da na ari majigi na kai Tibiri, muka ɗaura farin zane a katangar gidan bayan sallar isha'i, matan unguwa suka cika tsakar gida da tabarmi, Baba da abokansa suna daga bakin zaure. Na cire fassarar a daren nan, ba mai bukatarta. Na isar wa Gwaggo gaisuwar tsohuwar nan, ta ce tana amsawa, ta kuma sa aka ƙulla ƙuli-ƙuli a leda wai in na sake komawa in kai mata.